Gidauniya za mu fara kira, ko akwai abin da ya riga ta? Tambaya kan tara wa makarantar wasan kwaikwayo kuɗi

Sakataren Makaranta, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, shawara nake nema. An ɗora mini nauyin nemo kuɗi da bunƙasa wata ƙaramar makarantar koyon wasan kwaikwayo a nan Birnin Kebbi. Ɗalibai 40 ne, maza da mata, ana koya musu wasan dandamali, rubutun wasa, wasan rediyo da ɗan aikin kyamara. Naira 15,000 ake yanka wa kowa a zango, zango uku a shekara, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ba sa iya biya. Hayar gida, alawus ɗin malamai biyar, man janareta da kayan wasa suna cin kamar miliyan 6 a shekara. Wani dattijo ya yi mana alƙawarin fili, mai zanen gini kuma ya ce zauren wasa da aji biyu za su ci miliyan 30. Kwamiti na ganin a kira gidauniya bayan Babbar Sallah, a gayyato manya, a tara kuɗin a wuni ɗaya. Haka ake yi? In ba haka ba, daga ina ake kamawa? Sannan za mu iya neman zakka, ko kuɗin TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu?

Tsohon Akawu, Jega

Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye maganar gidauniya tukuna, mu yi lissafi da alƙalumanka. Ɗalibai 40 sau 45,000 miliyan 1.8 ke nan in kowa ya biya. Cire kashi ɗaya cikin uku, saura miliyan 1.2. Kuna kashe 6. Giɓin ku miliyan 4.8 ne duk shekara, wato 400,000 duk wata. Wannan ramin shi ne matsalarku, ba zauren wasa ba. Gini ba ya cike shi, ƙara masa zurfi yake yi, domin ranar da kuka tare za ku ɗauki maigadi, ku biya wuta da ruwa, ku fara gyaran abin da a da mai gidan haya ke gyarawa. Kuɗin haya kaɗai za ku huta da shi.

Akwai lamba ɗaya da ya kamata ta zauna a bakinka kamar sunanka: ɗalibi ɗaya yana cin 150,000 a shekara. Duk wanda za ka roƙa, wannan zai gane. Babu mai jin daɗin ba da kuɗin man janareta, amma ɗaukar nauyin yarinya ɗaya shekara guda abu ne da mutum zai iya faɗa wa iyalinsa ya yi.

Sai takardu, kuma su ne farko. Ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiya mai amintattu, a ƙarƙashin sashen F na dokar kamfanoni ta 2020. Ana tantance suna, a rubuta kundin tsarin mulki, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Daga nan lambar haraji, da takardar SCUML, sashen hana halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda bankuna kan nema kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Ku ba wannan aikin wata uku zuwa huɗu, kada ku sa ranar taro kafin ya kammala. Abin da ke yawan ɓata lokaci ƙarami ne: sunan amintacce a katin NIN ya saɓa da na BVN da harafi ɗaya, ko an zaɓi babban mutum wanda ba a samun sa ya sa hannu.

Amintattu biyar sun isa, bakwai in an matsa. Kada su zama 'yan gida ɗaya, kuma kada shugaban makaranta ya zama shi ne ma'aji. Asusu biyu za ku buɗe, ɗaya na gudanarwa ɗaya na gini, kowanne mutum biyu cikin uku ke sa hannu. Dalilin raba su shi ne ranar da albashi ya makale, hannu zai kai kan kuɗin siminti da sunan aro, aron kuma ba ya dawowa. Sisin kobo kada ya shiga asusun wani mutum da sunan "kafin a buɗe namu". Rasit mai lamba, kwafi uku: na mai bayarwa, na ma'aji, na littafi. In wani ya zo da tsabar kuɗi masu yawa, ku raka shi banki, domin dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mu'amala da tsaba sama da miliyan 5 ga mutum, miliyan 10 ga kamfani, ba ta hanyar banki ba. Duk ƙarshen shekara akawu mai lasisi ya binciki littattafanku, ku kuma kai wa CAC rahoton shekara. Masu ba da tallafi daga waje sukan nemi rahoton binciken shekara biyu ko uku, kuma ba a ƙirƙirar sa a dare ɗaya.

Hajiyar Kwamiti, Birnin Kebbi

Baba Akawu ya gama da takarda, ni bari in yi maganar mutane.

Ƙanena, gidauniya ba wurin tara kuɗi ba ce, wurin sanar da kuɗin da aka riga aka tara ne. Wanda ya kira ta da asusu wayam, ga abin da zai gani: an yi hayar rumfa da kujeru, an yi girki, an biya sanƙira da masu lasifika, babban mai ƙaddamarwa ya turo wakili, wakilin ya ce "mai gida zai ji da ku", sauran manya kuma kowa ya dubi abin da na gabansa ya faɗa ya rage. Mutum na farko da ya yi magana shi ke yanka wa taron farashi. In ya ce 200,000, ba wanda zai tashi ya ce miliyan 2 ya kunyata shi. Shi ya sa ba a barin wannan ga sa'a.

Miliyan 30 ba daga mutum dubu uku masu dubu goma-goma take fitowa ba. Zana ta kamar dala. Mutum ɗaya mai miliyan 5. Biyu masu miliyan 2 da rabi. Biyar masu miliyan ɗai-ɗai. Ka ga mutum takwas sun ɗauki rabin kuɗin. Sai goma masu 500,000, sai 25 masu 200,000, sauran miliyan 5 kuma daga jama'a, ranar taro da bayanta. Kyauta 43 ke nan masu suna. Kowace ɗaya tana son ka tanadi mutum uku ko huɗu da za a tunkara, domin wani zai ce a'a, wani zai ba da rabin abin da aka sa masa rai. Kana neman sunaye 130 zuwa 170. Zaunar da kwamitinku da takarda da biro. In ba ku iya rubuta mutum huɗu da za su iya ba da miliyan 5, waɗanda kuma akwai wani a cikinku da ke shiga gidansu ba tare da iso ba, to burin ya fi ƙarfinku a bana, ku rage shi. Ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne kango a linta shekara biyar, awaki na kwana a ciki, kowa ya wuce ya ce ga inda kuɗinmu ya tsaya.

A gaban kowane suna ku rubuta abu uku: me zai iya, me ya dame shi, wa yake jin nauyi. Na ukun ya fi muhimmanci. Ba sakatare ke roƙon attajiri ba, tsaransa ke roƙonsa, kuma tsaran da ya riga ya ba da nasa. Saboda haka amintattu su fara zubawa, kowa gwargwadon hali, kafin a taka ƙofar kowa. Tambayar farko da ɗan kasuwa zai yi ita ce "ku nawa kuka sa?"

Ziyara uku ce. Ta farko gaisuwa da neman shawara, ba a ambaton kuɗi. Ta biyu ku gayyato shi ya ga yara suna atisaye, minti ashirin, ba jawabi. Ta uku mutum biyu su je, su faɗi adadi ƙarara da abin da zai yi, a ce miliyan ɗaya ta rufe aji guda, sannan su yi shiru. Nan ne mutanenmu ke faɗuwa: kunya ta sa a ce "duk abin da Allah ya hore", sai a ba ka 20,000 a ambulan, kuma ka rufe wa kanka ƙofar shekara guda.

Lokaci kuma, ku bi aljihun mutanen jihar nan. Bayan Babbar Sallah shi ne mafi muni: an sayi rago, an yi ɗinki, an tari alhazai. Cikin azumi hannu a buɗe yake, amma masallaci da marayu da ciyarwa ke gaba, kuma daidai ne. Ku nufi bayan kaka, da lokacin da shinkafar rani ta shigo, da lokacin da albasar Aliero ke fita. Manomi ko dillalin da ba zai ba da tsaba ba zai ba da buhu biyar na shanshera ba tare da ya ji ba. Ku karɓa, ku rubuta rasit da adadin buhu, ku sayar a gaban shaidu biyu. Haka mai gidan bulo, mai tifa, mai sayar da kwano. Kamfanonin casar shinkafa na Birnin Kebbi da Argungu, da bankuna da kamfanonin waya, kasafinsu na tallafa wa al'umma tun kafin shekara ta shiga ake tsara shi, kuma manajan reshe ba shi ke yanke hukunci ba, kai takarda yake yi hedikwata. Wasiƙar da aka kai saura mako biyu taro ba ta samun komai sai katan ɗin ruwa.

Sai kun riƙe rabi ko fiye, a banki ko a rubuce da sa hannu, sannan ku sa rana. A wurin taron a ajiye teburi da na'urar POS da lambar asusu a rubuce ɓaro-ɓaro. Duk wanda ya yi alƙawari a kai masa kati nan take ya rubuta adadi, ranar biya da lambar waya. Godiya cikin kwana biyu, tuni cikin mako biyu. Alƙawarin da ya wuce wata uku ku ɗauke shi ya mutu, kada ku sa shi a lissafin magini. Kuɗin shirya taron kada ya wuce kashi goma cikin ɗari na abin da kuke sa ran samu a ranar.

Abu ɗaya game da 'yan siyasa: ku gayyaci kowane ɓangare ko ku bar su duka. Makarantar da aka yi wa fenti da launin jam'iyya tana mutuwa ranar da aka rantsar da wata gwamnati.

Mai Buzu, Gwandu

Allah shi yi maka albarka, Sakatare. Batun zakka da kat tambaya, waɗanda anka ba ita mutum takwas na, suna cikin Suratut Tauba aya ta 60. Mafi yawan malamai, har da mazhabarmu ta Malikiyya, ba su yarda a yi gini da ita ba. Abin da ka yiwuwa shi na a ba ɗalibi matalauci don talaucinai, ta zama tashi, in ya so shi biya kuɗin makaranta da ita. Kada ku buga takarda ku ce "ku kawo zakkarku mu gina zaure", za ku jawo ma kanku magana.

Abin da ya dace da ku waƙafi na. Shago biyu bakin kasuwa ko gona guda da anka tsayar, ana cin amfaninta ba a sayarwa, ta fi ku amfani bisa ga kyautar wuni ɗaya. A rubuta sharaɗin mai waƙafin, a sa mai kula, a sa shaidu.

Filin da dattijo yay yi alƙawari kuwa, ku yi hanzari. Kyauta ba ta tabbata sai an karɓe ta a hannu. In mai kyauta ya rasu, ko ya kwanta ciwon ajali, ko bashi ya cinye dukiyatai tun ba ku karɓa ba, fili ya koma ga magada ko masu bin bashi. Ku yi takardar kyauta da sunan ƙungiya, ba sunan shugaba ba, manyan ɗiyanai su sa hannu a matsayin shaidu, mai unguwa da hakimi su sani, ku dasa duwatsun iyaka ku kewaye ko da da waya ta. Sannan ku bi ma'aikatar filaye a juya takarda, tunda dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna.

Kuma ku san da wa kuke magana. Mutum ya ji "wasa" sai hankalinai ya tafi ga rawa da cuɗanyar maza da mata. Tun kafin wani shi kai ƙararku, ku kai kanku: ku je wurin limamin unguwa da ofishin Hisba da rubutun wasa guda da jadawalin darasi, su gani ana tashi kafin magariba, akwai malama mace, akwai sa hannun uban kowace yarinya. Ku tuna musu tashe da yara ka yi cikin azumi, da 'yan kama, da kalankuwa bayan kaka. Kwaikwayo ba baƙo ba na a ƙasar Hausa. Attajirin da yaj ji liman ya ce babu laifi, hannunai ya fi saurin shiga aljihu.

Mai Rubuta Takardun Tallafi, Argungu

Malam Sakatare, TETFund ka cire ta a rai. Dokarta ta 2011 jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati kaɗai ta shafa. Hanyar da za ku amfana a kaikaice ita ce yarjejeniya a rubuce da wata babbar makaranta, kamar Kwalejin Waziri Umaru ko Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke nan Argungu, ku riƙa aron zaure ko malami. Shirin Babban Banki na masana'antun fasaha na 2019 da makamantansa na Bankin Masana'antu rance ne, ana biya, makaranta mai giɓin 400,000 a wata kuma ba ta da abin biyan rance. Kada kuma ku rubuta "difloma" a allonku sai NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha da ke Kaduna, ta amince da kwas ɗin. Ku ce takardar shaidar halarta, ku nemi izinin ma'aikatar ilimi ta jiha.

Na ɗan saɓa da Hajiya a wuri ɗaya. Kuna da abin sayarwa, ba roƙo kaɗai ba. Wasan wayar da kai a dandalin ƙauye, irin wanda sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya ya yi suna da shi tun shekarun 1970, har gobe ana saye: rigakafi, zuwa awo, karatun 'ya'ya mata, rikicin manoma da makiyaya, ambaliya a garuruwan bakin kogi. Masu saye su ne hukumar lafiya matakin farko, hukumar ilimin bai-ɗaya, da ƙungiyoyin da ke aiki da su. Kasuwar ta ragu sosai tun da aka rufe hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, a 2025, saboda haka kada abokin ciniki ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarku.

Inda ake asara shi ne wurin yanka farashi. Ana lissafa ranar wasa a manta da kwana biyar na atisaye. Ku sa alawus ɗin 'yan wasa na duka kwanakin, ladan marubuci da darakta, shatar mota zuwa da dawowa, mai, abinci, lasifika da batir ɗin makirufo, gyaran sutura, sannan kashi 15 zuwa 20 a kai na makaranta. Wannan kason shi ne ribar, shi ke biyan haya. Ku nemi kashi 60 kafin mota ta tashi, musamman in ma'aikata ce, domin ragowar kan yi watanni tana yawo tsakanin tebura. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, da Uhola a Zuru da Rigata a Yauri wuraren nuna kai ne, amma ba kowace shekara ake tabbatar da su ba, kada ku ɗora albashi a kansu.

Na waje akwai asusun UNESCO na bunƙasa al'adu mabambanta, wanda ke ba da har dala 100,000, ana bi ta hukumar UNESCO ta ƙasa, gasar kuma da zafi. Akwai British Council, da Goethe-Institut a Legas, da Prince Claus Fund ta Holan, kowacce da lokacin kiranta. Kusan dukansu aiki suke biya, ba gini ba. Abin da ke kayar da takarda: an nemi abin da kiran bai ambata ba, jimillar kasafi ta saɓa da bayanin da ke sama, babu rubutacciyar ƙa'idar kare yara, ko an loda takarda daren ƙarshe intanet ta yanke. Ku fara da ƙaramin tallafi, ku kashe shi daidai yadda aka rubuta, ku kai rahoto kan lokaci. In farashi ya tashi kuna son juya kuɗi daga layi zuwa layi, ku nemi izini a rubuce tukuna. Duk wanda ya ce ku biya shi kuɗin fom zai samo muku tallafi, ɗan damfara ne.

Sakataren Makaranta, Birnin Kebbi

Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba Akawu, ke nan mu fasa ginin gaba ɗaya? Ina tsoron kwamiti su ce na kashe musu gwiwa.

Tsohon Akawu, Jega

Ba fasawa ba, jerawa. Shekarar farko ku rufe ramin 400,000: mutum 80 masu 5,000 duk wata ta umarnin cirewa a banki, ko mutum 32 masu ɗaukar ɗalibi guda-guda, ko ku gauraya da kuɗin wasanni. Tsofaffin ɗalibai da 'yan jiha mazauna Abuja da Legas nan suka fi amfani. Duk ƙarshen zango kowa ya sami shafi ɗaya ta WhatsApp: abin da ya shigo, abin da ya fita, hoto biyu da izinin iyaye. Wanda bai ji daga gare ku ba wata shida zai dakatar da nasa, kuma yana da gaskiya.

Ginin kuma ku sa mai zane ya yanka shi gida uku, kowane yanki a iya amfani da shi ko da kuɗi sun tsaya. Na farko katanga, ƙofa, banɗaki biyu, da dandamali a fili mai tsawon mita 8 da faɗin 6, da ɗaki ɗaya mai kulle na ajiyar kaya. Da wannan kaɗai za ku fara wasa da yamma kuna karɓar kuɗin ƙofa. Na biyu azuzuwa. Rufin zaure shi ne ƙarshe, kuma in an zo kansa kada a yi rowar silin da tagogi masu fuskantar juna: kwano tsirara a Afrilu tanda ne, a Agusta kuma ruwa na sauka ba mai jin ɗan wasa ko daga layin gaba. Ku ɗora kashi 20 a kan ƙiyasin saboda tashin kaya. Kuɗin gini na shigowa ku mayar da shi rodi da kwano da bulo, su suna jira. Siminti ba ya jira, wata uku ya yi yawa, musamman da damina, sai ku saye shi mako guda kafin magini ya zo.